Dutsen Kamaru mai aman wuta: amsa ga Alhajin da ɗansa ke zaune a Limbe

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Daga Tahoua kuka rubuto cewa ɗanku yana ci-rani a Limbe, a bakin teku can kudancin Kamaru, ya kafa shago, yanzu kuma yana son ya kwashi matarsa da ƴaƴansa su koma wurinsa. Ana cikin shawarar sai ga bidiyo ya shigo muku ta WhatsApp: dare ne, sama ta yi jajir, mutane na gudu da katifu a ka, wuta na malala bisa hanya, aka ce Kamaru ce. Kuka tambaya ko za ku yarda jikokinku su zauna a gindin irin wannan dutse, kuma ko duwatsunmu na Adar da na Ayar za su iya yin haka wata rana.

Bidiyon da kuka turo ba na Kamaru ba ne. Garin Goma ne, a gabashin Kwango, daren 22 ga Mayu 2021, sa'ad da dutsen Nyiragongo ya fashe. Amma Limbe ma a gindin dutse mai rai take, wannan gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye muku ba. Sai dai halin duwatsun biyu ya sha bamban, kuma abin da ya kamata ɗanku ya yi hattara da shi a Limbe ba wutar da kuka gani ba ne. Ruwan sama da wurin da gidansa yake sun fi wutar kusa da ransa. Idan dutsen ne kaɗai abin dubawa, ni ba zan hana iyali zama a Limbe ba.

Dutsen Kamaru, wanda mutanen wurin ke kira Fako, ya haura mita 4,000 daga bakin teku, kuma babu wanda ya kai shi tsawo a wannan gefe namu na yammacin nahiyar Afirka. Ku kwatanta da Idukal-n-Tagas da ke kan Bagzan, ƙololuwar Nijar, mai mita 2,022. Dutsen nan gina kansa ya yi. Duk lokacin da ya yi amai, narkakken dutse ya kwararo ya daskare, toka da tsakuwa su zubo a kansa, bayan shekaru wani aman ya zo ya rufe na baya. Inda kwazazzabo ya yanke gefensa za ku ga abin a fili: shimfiɗar baƙin dutse mai tauri, a kanta shimfiɗar tsakuwa ja mai rugurgujewa a hannu, sai wata baƙar kuma, hawa bisa hawa. Ba baki ɗaya gare shi ba. Ƙananan tuddai fiye da 100 ne a jikinsa, kowanne bakin wani tsohon amai ne, kuma sau da yawa sabon amai yakan tsage gefen dutsen ne ya fito, ba ta ƙololuwa ba. Wannan ya sa ba a iya nuna wuri ɗaya a ce daga nan wuta za ta ɓullo gobe.

Shi kuma ɗaya ne cikin jerin duwatsun wuta mai tsawon kilomita wajen 1,600. Jerin ya faro daga cikin teku, tsibiran Annobon, Sao Tome, Principe da Biyoko, ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, ya bi Manenguba, Bambuto da Oku, ya rabu zuwa tudun Adamawa da kuma wajen Biu a Najeriya. Galibinsu sun mutu ko sun daɗe da yin shiru. Masana ba su daidaita kan dalilin da ya sa ƙasa ke narkewa a ƙarƙashin wannan layi ba, domin ba ya kan mahaɗar manyan ɓangarorin da ɓawon duniya ya kasu, inda galibin duwatsun wuta suke, kamar na Indonesiya ko Japan. Abin da aka tabbatar shi ne, can ƙasa, a zurfin gomman kilomitoci, wani ɗan kaso na dutse yana narkewa, kuma da yake narkakken ya fi na kewaye da shi rashin nauyi, sai ya riƙa neman tsaga yana hawowa.

Abin da ke raba dutsen da ke kashe dubbai cikin minti kaɗan da wanda ke ba mutane lokacin kwashe kaya shi ne kaurin narkakken dutsen. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da murhu ya san talge da tuwo. Talge yana tafasa, tururi na fita salin-alin, in ya yi yawa ya malalo gefen tukunya. Da an zuba gari ya yi kauri, tururin ba ya samun hanya, sai ya taru ya fashe ya watso wa mai tuƙi a hannu. Abin da ke kawo kaurin a cikin dutse shi ne silika, sinadarin da ke cikin rairayi. Tururin kuwa iskoki ne da ke narke a ciki: tururin ruwa, iskar CO2 (irin wadda muke fitarwa in muna numfashi) da iskar farar wuta. Dutsen da narkakkensa ke da silika da yawa yakan toshe bakinsa da kansa, iska ta taru, ranar da ya fashe sai gajimaren toka mai zafin ɗaruruwan digiri ya gangaro da gudun da ya fi na mota. Irinsa ne ya shafe garin Saint-Pierre a tsibirin Martinik ranar 8 ga Mayu 1902, mutum wajen 28,000 suka mutu, irinsa ne kuma Merapi na Indonesiya ya yi a 2010 ya kashe sama da 300.

Dutsen Kamaru ba ya cikin wannan aji. Narkakkensa irin wanda ake kira bazalt ne, mai zama baƙin dutse in ya daskare, silikarsa ba ta kai rabin nauyinsa ba ko ta tsaya nan kusa, zafinsa ya haura digiri 1,100, kuma iska na samun hanyar fita. A bakin tsagar yakan yi feshin wuta sama, ya tara tudun tsakuwa, sauran ya gangara. Na riƙe irin tsakuwar nan a hannu: baƙa ce ko ja, duk jikinta ramuka, ba ta da nauyin da ido ke ba ta, kuma tana kartar fata. Kowane rami gurbin kumfar iska ne da ta fita kafin dutsen ya daskare. Baƙin rairayin da ɗanku ke takawa a bakin tekun Limbe ma wannan dutsen ne teku ta niƙe.

Tun da aka fara rubuta tarihinsa sosai, ya yi manyan amai a 1909, 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. Ku duba tazarar: shekara 13, sai 32, sai 5, sai 23, sai 17, sai ɗaya tak. Babu ƙa'ida. Duk wanda ya ce muku dutsen yana amai kowace shekara kaza, ko ya ce lokacinsa ya yi a bana, lissafin da babu shi ya yi. Na 1909 ya tsorata Jamusawa har suka bar Buea, garin da ke jikin dutsen inda fadar mulkinsu take, suka koma Duwala na ɗan lokaci. Na 1922 ya gangara yamma ya cinye gonaki ya faɗa teku wajen Bibundi. Na 1959 ya nufi wajen Ekona ya tsaya.

Na 1999 ne ya fi shafar tambayarku, domin shi ya zo kusa da Limbe. A ƙarshen watan Maris aka fara jin girgizar ƙasa a Buea da ƙauyukan kewaye, bangaye suka tsage, wasu gidaje suka rushe, mutane suka kwana a waje. Ranar 28 ga wata gefen kudu na dutsen ya tsage. Narkakken dutse ya kama gangara wajen teku, ya yi tafiyar kilomita kusan 14 ta cikin daji da gonakin kwakwar manja, kuma ya ɗauki fiye da mako biyu kafin ya iso hanyar da ta haɗa Limbe da Idenau, dab da ƙauyen Bakingili. A sama inda gangara ke da tsanani yana da sauri. Da ya sauko fili sai ya zama tudu mai tafiya, bayansa baƙi, cikinsa ja, manyan duwatsu na faɗowa daga goshinsa yana hawa kansu, mai tafiya a ƙasa ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Hukuma ta sami sararin kwashe mutanen Bakingili. Ya datse kwalta, ya tsaya saura ɗan taƙi ya taɓa teku. Har yau yana nan, baƙin tudu da ya fi gida tsawo, hanya ta kewaye shi, ciyawa da ƙananan itatuwa sun fara kama shi. In ɗanku ya sami hutu ya je ya gani da idonsa, ba nisa daga Limbe. Gonaki sun tafi, hanya ta yanke, amma kwararar ba ta cim ma mutane ba. Bayan shekara ɗaya, a ƙarshen Mayu 2000, ya sake yi, wannan karon kwararar ta tsaya kilomita kaɗan sama da Buea.

To me ya sa na Goma ya zama abin da kuka gani? Nyiragongo dabam yake ko a cikin duwatsun duniya. Silikar narkakkensa ta yi ƙasa ƙwarai, ya tsinke sosai, kuma yakan tara tafkin narkakken dutse a cikin bakinsa, can sama, shekara da shekaru. Ranar da gefen dutsen ya tsage, tafkin yakan tsiyaye gaba ɗaya. A Janairun 1977 ya zube cikin ƙasa da awa ɗaya ya cim ma mutane a ƙauyuka. Ranar 17 ga Janairu 2002 ya ratsa tsakiyar Goma, ya rufe wani ɓangare na filin jirgin sama, ya shiga tafkin Kivu, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallaka Ruwanda. A 2021 ya tsaya a gefen gari, duk da haka sama da mutum 30 suka rasu. Dutsen Kamaru ba shi da irin wannan tafki a kansa.

Yanzu ga abin da nake so ku kira ɗanku ku tambaye shi. Iskar damina da ke tasowa daga teku tana cin karo da wannan dutse ta sauke ruwanta a jikinsa. A Debundscha, yamma da Limbe, ana samun ruwan sama wajen milimita 10,000 a shekara. Tahoua ba ta cika wuce 400 ba. Abin da ke sauka a can cikin shekara ɗaya ya fi na damina ashirin a Adar. Wannan ruwa yana sauka ne a kan tsofaffin tuddan toka da tsakuwa da suka ruɓe suka zama jar ƙasa mai laushi, mutane kuma sun yanke gefen tuddan sun yi gidaje, sun sare itatuwan da ke riƙe ƙasar. A watan Yunin 2001, ba tare da dutsen ya motsa ba, ambaliya da zaftarewar ƙasa suka kashe mutum sama da 20 a cikin Limbe kanta. Baƙo mai neman haya mai araha shi ake kaiwa irin waɗannan unguwanni, kuma mutumin Sahel bai saba kallon tudu a matsayin abin da zai iya sauko masa cikin dare ba. Wannan ne ke damuna game da ƴan ci-raninmu. Ku tambaye shi: bayan gidan akwai yankakken tudu? Gidan yana bakin rafi ko cikin kwari? Akwai tsaga a bango ko a ƙasar tsakar gida da ke ƙara buɗewa da damina? Itatuwa ko sandunan lantarki na kan tudun sun karkata? In amsar ɗaya daga ciki e ce, ya sauya gida kafin iyali su iso, ko da hayar ta fi tsada.

Girgizar ƙasa kuwa tana zuwa kafin amai da kuma lokacin da ake yinsa, domin narkakken dutse fasa hanya yake yi yana hawowa. Ita ce ke rushe gini, ita ce kuma gargaɗi. Akwai cibiyar gwamnati a Ekona mai na'urorin auna girgiza da ke sa ido kan dutsen. Na'ura ba ta faɗin rana da sa'a, wannan sanin na Allah ne, amma tana nuna cewa girgiza ta yawaita kuma tana matsowa sama. In aka ji ƙasa na motsi a kai a kai, a fita daga gidan bulo a kwana a fili, a saurari rediyo, takardu da ɗan kuɗi su kasance a jaka ɗaya. In hukuma ta ce a tashi, a tashi, kar a tsaya gadin shago. In toka na zuba, a rufe randuna da rijiyoyi, a ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, a tsare yara da mai asma a ɗaki, domin tokar nan garin dutse ce mai kaifi, tana cin ido da ƙirji, kuma in ta jiƙe a kan kwano tana da nauyin da zai karya rufi.

Na san akwai wani suna da ke zuciyar duk wanda ya girma a shekarun 1980, ko bai faɗa ba: Nyos. Daren 21 ga Agusta 1986, wani tafki da ke cikin tsohon bakin dutsen wuta a arewa maso yammacin Kamaru ya saki iskar CO2 mai ɗimbin yawa. Zurfin tafkin ya kai mita 200. Shekaru aru-aru iskar na tsiyayowa daga ƙasa tana narkewa a ruwan can ƙasa, nauyin ruwan sama na danne ta. A wannan dare wani abu ya motsa ruwan, na ƙasa ya taso, nauyin da ke kansa ya ragu, iskar ta fice gaba ɗaya. CO2 ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi wajen sau ɗaya da rabi, saboda haka ba ta tashi sama ba, ta bi kwari ta gangara kan ƙauyukan Nyos, Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi wajen 3,500, da yawa shanun Fulani makiyaya ne. Gidaje na tsaye, babu abin da ya ƙone. Waɗanda ke kan tudu da yawa sun tsira. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya yi irin haka ya kashe mutum 37. Tun 2001 aka kafa bututu a Nyos da ke zuƙo ruwan ƙasa yana sakin iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara wasu a 2011. Nyos na da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga Limbe, kuma babu tafki irinsa a saman garin. Abin da ɗanku zai ɗauka daga labarin kaɗan ne amma yana ceton rai: a ƙasar duwatsun wuta ba a shiga rami ko tsohuwar rijiya kai tsaye, kuma in aka ga tsuntsaye ko ƙananan dabbobi a mace cikin wani kwari ba rauni a jikinsu, a hau tudu.

Wani zai ce me ya zaunar da mutane a irin wannan wuri. Ƙasar ce. Bazalt in ya ruɓe cikin ruwa da zafi yana ba da ƙasa mai albarka, shi ya sa gindin dutsen ya cika da manyan gonaki tun zamanin Jamusawa, yau na ayaba, roba, kwakwar manja da shayi, kuma kasuwar da ɗanku ke ci daga nan ta samo asali. Akwai kuma maganar da ba fannina ba ce amma ba zan tsallake ta ba: yankin kudu maso yammacin Kamaru ya sha fama da rikicin ƴan aware tun wajen 2017. Ku bincika halin tsaro na yanzu wurin mutanenmu da ke zaune can, domin wannan na iya fin dutsen nauyi a shawararku.

Game da namu duwatsun, ku kwantar da hankalinku. Tahoua na zaune a kan ƙasar da ta kwanta hawa-hawa a cikin wani babban kwari da masana ke kira Iullemmeden, wanda teku ta shiga ta fita a cikinsa miliyoyin shekaru da suka wuce. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza a ƙarƙashin ruwan teku ya taru, kuma yaran da ke kiwo a tuddan Keita suna tsintar ƙwaryar halittun ruwa da suka zama dutse. Baƙin dutse mai ramuka da ke saman tuddan Adar, wanda mutane ke cewa kamar wuta ta ƙone shi, marmara ce. Ƙarfe ne ya taru a cikin ƙasa a zamanin da ruwan sama ya fi na yanzu yawa, ya yi tauri. Ku fasa ta ku duba: cikinta ja ne ko ruwan ƙasa kamar tsatsa, kuma tana da nauyi a hannu, saɓanin tsakuwar dutsen wuta. Yamai kuma tana bakin wani tsohon dutse mai shekaru wajen biliyan biyu, shi ne ke leƙowa a cikin kogin Kwara idan ruwa ya janye.

Ayar ce ke da tarihin wuta na gaske. Manyan duwatsunta, irin su Bagzan da Tamgak, saiwoyin duwatsun wuta ne da suka mutu tun wajen shekara miliyan 400, iska da ruwa suka cinye samansu. Bayansu da daɗewa aka sami ƙananan tuddan bazalt da yawa a kudancin Ayar, wajen Todra, waɗanda siffarsu ba ta gama lalacewa ba, amma babu aman da aka rubuta a tarihi daga cikinsu. Ruwan zafin Tafadek, arewa da Agadas, inda masu ciwon gaɓɓai ke zuwa wanka, ruwa ne da ya nutsa ta tsagar dutse zuwa inda ƙasa ke da zafi ya dawo sama, kuma ba alamar amai na tafe ba ne. Wani wurin da ƙasa ke huci har yanzu shi ne Tibesti a arewacin Cadi, inda Emi Kussi ya kai mita 3,415, tururi da warin farar wuta kuma na fita daga ƙasa a Soborom. Tsakaninsa da Tahoua ya fi kilomita dubu.